Yadda ake bin salsalar gidan baraden Faransa na zamanin yaƙin Salibiyya: gidan Lusignan

Wanda zai bi salsalar wani gidan barade na Faransa tsakanin 1095 da 1291 ya fara cire rai daga samun rajistar haihuwa. Doka ba ta wajabta wa coci-cocin Faransa rubuta sunayen jariran da aka yi wa baftisma ba sai a 1539, wato kusan shekara ɗari biyu da hamsin bayan faɗuwar Akka, babban birnin 'yan Salibiyya na ƙarshe a Gabas, a 1291. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne takardun kyauta da jingina da sulhu waɗanda gidajen 'yan zuhudu suka adana, da littattafan tarihi na malaman coci, da kundin ranakun mutuwa, da hatimai. Da waɗannan ake ɗinka nasaba, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda masu hadisi suke bin isnadi: duk inda ba a sami shaidar da ta ce wane ɗan wane ne ba, nan igiya ta tsinke, komai kyan sauran. Za a yi amfani da gidan Lusignan a nan domin kusan kowane tarkon wannan aiki akwai shi a cikin tarihinsu.

Fara da ƙasa

Sunan gida a wancan zamani sunan wuri ne. Lusignan gari ne a yankin Poitou, kimanin kilomita 25 kudu maso yamma da birnin Poitiers, kuma daga gidan ganuwar da ke can zuri'ar ta samo suna. Aikin farko shi ne ka kafa wurin a taswira, ka san bishop ɗin da yake ƙarƙashinsa, ka san ubangidan da masu wurin suke yi wa mubaya'a, sannan ka lissafa gidajen zuhudun da ke kewaye da shi, kamar tafiyar yini ɗaya ko biyu a kan doki. Ga Lusignan, bishop na Poitiers ne, ubangida kuma mai sarautar Poitou da Aquitaine, gidajen zuhudun da suka fi ambaton su kuwa su ne Saint-Maixent, Nouaillé, Saint-Cyprien na Poitiers da L'Absie. A nan takardun suke, domin da waɗannan gidaje iyalin suka yi ta ciniki da rigimar gona da kyautar neman gafara.

Sai ka tara duk yadda ake rubuta sunan. Marubutan Latin ba su da ƙa'ida ɗaya: za ka ga de Liziniaco, de Leziniaco, Lezignem, Lesignan. Wanda ya nemi siffa ɗaya a fihirisa zai tsallake takardu da yawa. Haɗarin da ya fi wannan shi ne na akasin haka. Akwai Lusignan-Petit a yankin Agen, akwai Lézignan can kudu kusa da Narbonne, kuma mutanen waɗannan wurare ba su haɗa jini da na Poitou don suna ya yi kama ba. Idan takarda ta fito daga kundin da ke nesa da Poitou, duba shaidun da ke ƙasanta da gonakin da ta ambata kafin ka ɗauke ta.

Yawancin waɗannan kundaye an buga su a ƙarni na 19, kuma ana samun su kyauta a Gallica, ɗakin karatun intanet na babban laburaren Faransa. Na asali suna ma'ajiyar tarihi ta kowane lardi, takardun gidajen zuhudu a rukunin H, na bishop-bishop a rukunin G. Takardun da suka shafi fadar sarki suna rukunin J a ma'ajiyar ƙasa ta Paris. Ga Poitou akwai ƙarin taska: kwafe-kwafen da wani ɗan zuhudu, Dom Fonteneau, ya tara a ƙarni na 18, waɗanda suka ceci matanin takardu da yawa da asalinsu ya ɓace daga baya. Kana buƙatar Latin gwargwadon karanta yarjejeniya, da ƙamus na gajerce-gajercen rubutu irin na Cappelli idan za ka taɓa rubutun hannu.

Teburin shaida

Kada ka zana bishiyar iyali tun da wuri. Buɗe tebur, kowane layi ambato ɗaya na mutum ɗaya a takarda ɗaya. Ginshiƙai bakwai sun isa: shekarar takarda ko tazarar da take ciki, kundin da lambarta, sunan mutum yadda aka rubuta shi harafi da harafi, laƙabi ko sarauta, kalmar dangantaka a Latin ɗinta, matsayinsa a takardar (mai bayarwa, mai amincewa ko shaida), da irin takardar (asali ce, kwafin kundi ce, ko kwafin baya ne). Kada ka sa wa kowa lamba irin "na bakwai" ko "na takwas" a wannan mataki. Lambobin nan masana tarihi na baya ne suka ƙirƙiro su. Babu wani Hugo da ya taɓa kiran kansa na tara, kuma da zarar ka rubuta lamba a tebur ka yanke hukunci kafin a saurari shaida.

Takardar kyauta ita ce ta fi kowace amfani, saboda wata al'ada ta zamanin. Idan barde ya ba gidan zuhudu gona ko injin niƙa ko zakkar amfanin wata ƙasa, 'yan zuhudun kan nemi matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa su furta amincewarsu, don kada wani magaji ya taso daga baya ya ce ba da yawunsa ba. Sai a jera sunayensu, yawanci babba kafin ƙarami. Sannan mai kyautar kan ambaci waɗanda yake nema wa gafara: uba, uwa, wani lokaci har kaka. Takarda ɗaya mai kyau tana iya ba ka tsara uku.

Kalmomin da za ka riƙa farauta su ne filius da filia (ɗa da 'ya), uxor (mata), frater da soror ('yan'uwa), primogenitus (ɗan fari), relicta (wadda mijinta ya mutu), da quondam ko bone memorie, masu nuna cewa mutumin ya riga ya rasu. Uku ne suke yaudara. Nepos na iya zama jika, yana iya zama ɗan ɗan'uwa ko ɗan 'yar'uwa, har ma dangi na nesa ƙarami. A Latin na asali patruus baffa ne, avunculus kawu ne, amma marubutan ƙarni na 12 sukan kira baffa ma avunculus, don haka kada ka gina dangin uwa a kan wannan kalma ita kaɗai. Frater kuma ba ya rarrabe shaƙiƙi da wanda aka haɗa uwa ko uba kawai. Misali: littattafan yaƙin Salibiyya na kiran Hugo na VI na Lusignan ɗan'uwan Raymond na Saint-Gilles, mai Toulouse. Gaskiya ne, amma ta wajen uwa. Almodis ta La Marche ta fara auren Hugo na V, aka raba auren saboda kusancin jini, ta auri Pons na Toulouse, daga baya ta auri Ramon Berenguer na I na Barcelona. Wanda bai san wannan ba zai cusa Lusignan cikin zuri'ar maza ta Toulouse.

Rarrabe masu suna ɗaya

A nan aikin yake cin lokaci. Daga ƙarni na 10 zuwa 1303, kowane maigidan Lusignan sunansa Hugo, kuma lissafin da aka saba da shi ya kai goma sha uku. Laƙabi na taimakawa kaɗan: na V ana ce masa mai tsoron Allah, na VI kuma Shaiɗan, inkiyar da ake jingina wa 'yan zuhudun Saint-Maixent da ya addaba. Amma laƙabin Brunus, wato mai duhun gashi ko fata, ya zama kamar gadon gida, mutum da yawa sun ɗauke shi, har ya daina rarrabe kowa.

Abu uku ne suke rarrabewa. Na farko sunan mata. Jera layukan teburinka bisa matar da aka ambata tare da Hugo: waɗanda suka zo da Sarrasine na mutum ɗaya ne (na VII), waɗanda suka zo da Bourgogne ta Rancon na wani ne (na VIII), waɗanda suka zo da Isabella, wadda take kiran kanta sarauniyar Ingila, na X ne. Na biyu sarauta. Lusignan ba su kama sarautar La Marche a hannu ba sai 1199, Angoulême kuwa ta shigo ne ta auren Isabella a 1220. Saboda haka takardar da ta kira Hugo mai La Marche da Angoulême duka ba ta Hugo na IX ba ce, ko da babu shekara a kanta. Na uku jerin 'ya'ya da 'yan'uwa: Hugo mai ƙannai Geoffroy da Aimery da Guy daban yake da Hugo mai ƙane Raoul, wanda ya zama mai Eu ta hanyar aure.

Wannan na ƙarshe shi ya warware kuskuren da ya daɗe a tsofaffin littattafai. Hugo na VIII ya tafi Gabas a 1163, Nuruddin Zanki ya kama shi a yaƙin Harim a 1164, bai sake komawa Poitou ba. An daɗe ana rubuta cewa Hugo na IX ɗansa ne, wato wan Guy sarkin Ƙudus. Ba haka ba ne. Ɗan farin Hugo na VIII, shi ma Hugo, ya rasu a 1169, kuma kundin L'Absie ya adana kyautar da Geoffroy ya yi a shekarar don ran ɗan'uwansa Hugo, da amincewar mahaifiyarsu Bourgogne. Wannan Hugo bai sami lamba ba, sai ya ɓace tsakanin na VIII da na IX. Hugo na IX ɗansa ne, jikan na VIII, kuma Guy da Aimery baffanninsa ne.

Mutane kan ce a gwada bishiya da lissafin shekara 25 zuwa 30 ga kowace tsara. Gwajin yana kama babban kuskure, amma bai kama wannan ba. Daga rasuwar Hugo na VI wajen 1110 zuwa ta na XIII a 1303 shekara 193 ce. Raba ta da gaɓa takwas ka sami kusan 24, raba ta da bakwai, wato ka zubar da Hugo na 1169, ka sami kusan 28. Duka biyun suna cikin hankali. Takarda ce kawai ta nuna an tsallake mutum.

Ga wani wuri da ake yawan zamewa. Hugo na IX ya mutu a Dimyat ta Masar a 1219, lokacin yaƙin Salibiyya na biyar. Ɗansa Hugo na X ya mutu a 1249 a yaƙin da Sarki Louis na IX ya kai Dimyat ɗin dai. Uba da ɗa, suna ɗaya, laƙabi ɗaya, gari ɗaya, tsakaninsu shekara talatin. Ƙari a kan haka, na IX ne aka yi wa baiko da Isabella ta Angoulême kafin Sarki John na Ingila ya aure ta a 1200, amma na X ne ya aure ta a 1220 bayan John ya mutu a 1216, alhali da 'yarta Joan aka yi masa baiko. Marubuta da yawa sun narkar da mutum biyun nan suka zama ɗaya. Hugo na XI ma a Masar ya mutu, a 1250, na XII kuma a yaƙin Tunis na 1270.

Kwanan wata

Shekarar da ke rubuce a takarda ba lallai ta zama shekarar da muke ƙirgawa ba. Wasu wurare sabuwar shekara na farawa ranar Kirsimeti, wasu ranar 25 ga Maris, fadar sarkin Faransa kuma a ƙarni na 13 daga Ista take farawa, ita kuwa Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ƙa'idar aiki: duk takardar da ta faɗo tsakanin 1 ga Janairu da Ista, ka tsaya ka binciki tsarin ofishin da ya rubuta ta, domin sau da yawa sai ka ƙara shekara ɗaya. Masu buga kundaye na Faransa kan sa alamar n. st. idan sun riga sun gyara, don haka kada ka gyara sau biyu. Rabon gadon da Hugo na X da Isabella suka yi wa 'ya'yansu na watan Maris 1243 ne, bayan Louis na IX ya karya su a Taillebourg a Yulin 1242. Wanda ya ajiye shi a Maris 1242 ya mayar da sakamakon yaƙi ya zama share fagensa.

Takardu da yawa na ƙarni na 11 da farkon na 12 ba su da shekara sam. Ana ƙayyade su da mutanen da ke ciki. Nemo shekarun mulkin kowane bishop da shugaban gidan zuhudu da sarki da aka ambata, ka ɗauki tazarar da duk suka haɗu a ciki. Idan takardar ƙarni na 12 ta ambaci Gilbert a matsayin bishop na Poitiers, tana tsakanin 1142 da 1154. Idan kuma mai kyautar ya ce yana shirin tafiya Ƙudus tare da Sarki Louis na VII, ta matse zuwa 1146 ko 1147. Wasu takardun suna ɗauke da indictio, lambar shekara a zagayen shekara 15. Ana fitar da ita haka: ƙara 3 a kan shekara, raba da 15, abin da ya saura shi ne lambar, idan babu saura 15 ce. Ga 1187, 1190 a raba da 15 saura 5. Idan lambar da ke takarda ta saɓa da ɗaya, wataƙila marubucin daga Satumba yake fara ƙirga. Idan ta saɓa da uku ko huɗu, mai kwafi ya yi kuskure a shekarar, ko takardar na da matsala.

Ranar mutuwa kuma daga wuri biyu ake haɗo ta. Kundin ranakun mutuwa na gidan zuhudu yana ba da rana da wata kawai, domin amfaninsa a san ranar da za a yi wa mamaci addu'a kowace shekara. Shekarar kuwa tana tsakanin takarda ta ƙarshe da mutum ya bayyana da rai da ta farko da aka kira shi quondam ko aka ga ɗansa yana riƙe da ƙasar. Rubuta tazarar yadda take. Shekarar haihuwa kusan kullum ƙiyasi ce, daga ranar auren iyaye da ranar da yaro ya fara amincewa da takarda ko aka ɗaura masa takobin barde.

Wa ya tafi Gabas da gaske

Tafiyar na cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa ta bar sawu a takardu. Godfrey, ɗaya daga jagororin yaƙin Salibiyya na farko, ya jinginar da ƙasarsa Bouillon ga bishop na Liège a 1096, Robert na Normandy ya jinginar da ƙasarsa ga ƙanensa sarkin Ingila a kan mark 10,000 na azurfa. Ƙananan barade ma haka suka yi da gonakinsu, kuma kafin tashi sukan sasanta tsohuwar rigima da 'yan zuhudu. Nemo jimloli masu ambaton tafiya Ƙudus, da kalmar crucesignatus, mai ɗauke da alamar gicciye, wadda ta yawaita daga ƙarshen ƙarni na 12. Sai dai ɗaukar alwashi daban, tafiya daban. Da yawa sun jinkirta shekaru, wasu sun fanshi alwashin da kuɗi, wasu sun mutu a hanya. Raba mutanenka gida uku: wanda aka gan shi a Gabas ko aka ambaci dawowarsa, wanda ya yi shirin tafiya sannan ya ɓace daga takardun gida na shekara biyu ko uku, da wanda alwashi kawai aka sani.

Hugo na VI ya nuna amfanin komawa takardun gida. Ya je Andalus a 1087 a rundunar da ta tafi bayan nasarar Murabiɗun, ya bi rundunar 1101 zuwa Gabas, yana kuma cikin yaƙin Ramla na 1102. Wasu littattafai sun kashe shi a Ramla, wasu sun kai rasuwarsa 1110. Marubucin da ke Gabas ya san wanda ya ɓace daga fagen fama, amma 'yan zuhudun Poitou su suka san ko maƙwabcinsu ya dawo ya ci gaba da rigima da su. A irin wannan saɓani, shaidar gida ta fi nauyi.

Ga ɓangaren Gabas, fara da Regesta Regni Hierosolymitani da Röhricht ya buga a 1893, taƙaitattun takardun masarautar Ƙudus a jere bisa shekara, sannan tarihin William na Taya da waɗanda suka ci gaba da shi da Faransanci. Akwai kuma Lignages d'Outremer, littafin nasabar gidajen Faransawan Gabas da aka fara haɗawa wajen 1270. Yana da kyau ga tsara biyu ko uku kafin zamaninsa, amma ba ya ba da shekaru, kuma yana kambama asalin manyan gidaje: ya jingina gidan Ibelin ga masu sarautar Chartres, abin da masana na yanzu ba su karɓa ba.

Mai karanta Larabci yana da riba a nan, domin Ibnul Asir da Baha'uddin Ibn Shaddad da Imaduddin al-Isfahani sun ba da ranakun yaƙi da sunayen kamammu dalla-dalla. Yaƙin Hattin, inda Salahuddin ya karya rundunar masarautar Ƙudus, a wurinsu cikin Rabi'ul Akhir na 583 yake, ranar da ta yi daidai da 4 ga Yuli 1187. Amma kada ka ɗauki nasabar Faransawa daga gare su kai tsaye. Arnat shi ne Renaud na Châtillon, Sanjil shi ne Saint-Gilles, kuma Ibn Shaddad ya kira sarkin da Salahuddin ya kama Jufri, wato Geoffroy, alhali Guy ne. Ɗan'uwan sarki da aka kama tare da shi Aimery ne. Geoffroy bai iso ba sai bayan Hattin. Shi ma Aimery an daɗe ana kiran sa Amalric na II, alhali sunayen biyu daban ne.

Bi mata

Bishiyar da ta bi maza kawai ba za ta bayyana yadda masu ƙaramin gari a Poitou suka zama sarakuna ba. Guy ya hau gadon Ƙudus a 1186 saboda ya auri Sibylla, magajiyar gadon, a 1180. Da ita da 'ya'yansu mata biyu suka mutu a sansanin Akka a 1190, hujjarsa ta raunana, ya ƙare da tsibirin Kubrus a 1192, ya mutu a 1194 babu magaji. Aimery ya gaje shi, aka naɗa shi sarkin Kubrus a 1197, ya kuma sami Ƙudus ta auren Isabella, ƙanwar Sibylla ta wajen uba. Da ya mutu a 1205 rawunan biyu suka rabu: Kubrus ta tafi ga ɗansa Hugo, wanda Eschiva ta Ibelin ta haifa, Ƙudus ta bi zuri'ar Isabella. Ka lura Hugo na Kubrus suna da nasu lissafin daga na I, kada ka gauraya su da na Poitou.

Sai babban tarko na 1267. A shekarar Hugo na II na Kubrus ya mutu yana yaro, zuri'ar maza ta Aimery ta ƙare. Wanda ya gaje shi, Hugo na III, ɗan Henry na Antakiya ne, mahaifiyarsa Isabella ce 'yar Lusignan, kuma ya ɗauki sunan gidan uwarsa. Duk sarakunan Kubrus daga nan har 1474 Lusignan ne a suna, amma ta wajen uba zuri'ar sarakunan Antakiya ne. A zanen bishiya dole wannan gaɓa ta fito fili.

Mata na taimakawa ta wasu hanyoyi biyu. Sabon suna a cikin 'ya'ya yakan nuna gidan uwa: Geoffroy da Aimery sunaye ne da gidan Rancon ya saba da su, kuma ga su a 'ya'yan Bourgogne. Wannan alama ce ta inda za a duba, ba hujja ba. Sannan dokar coci kan auren dangi na zama ma'auni. Kafin 1215 haramcin ya kai daraja bakwai, taron Lateran na huɗu ya mayar da shi huɗu, ana ƙirga tsara daga mutum zuwa kakan da aka haɗa. Tsofaffin littattafai sun ce Mathilde ta Angoulême, matar Hugo na IX, ita ta haifi Hugo na X. Amma mahaifin Mathilde da mahaifin Isabella ta Angoulême, matar Hugo na X, wa da ƙane ne. Da haka ne, da Hugo na X ya auri 'yar baffan mahaifiyarsa, daraja ta biyu da ta uku, auren da ba zai wuce shiru ba tare da izinin Fafaroma ba. Masana na yanzu suna sa shi ɗan matar farko. Rajistar wasiƙun Fafaroma, wadda take a jere tun 1198, tana ɗauke da irin waɗannan izini, kuma sukan faɗi darajar kusancin.

Ƙananan rassa kan canza suna gaba ɗaya. William de Valence, ɗan Hugo na X da ya koma Ingila a 1247 wurin ɗan'uwansa na uwa Sarki Henry na III, Lusignan ne tsantsa. Valence ɗinsa wani wuri ne kusa da Couhé a Poitou, ba birnin Valence na bakin kogin Rhône ba. Tambarin garkuwa na taimakawa a irin wannan: Lusignan na da ratsi-ratsin fari da shuɗi a kwance, reshen Valence ya ƙara jajayen tsuntsaye a kewaye, na Kubrus ya ɗora jan zaki. Amma tambarin gado bai fara ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 12. Duk littafin da ya zana wa mayaƙin 1096 garkuwar gidansu, daga baya aka laƙaba masa.

Jabu da tatsuniya

Da Sarki Louis-Philippe na Faransa ya buɗe ɗakunan tunawa da yaƙin Salibiyya a fadar Versailles wajen 1840, gidajen da suke son a rataya tambarinsu sai sun kawo hujjar cewa kakansu ya je. Nan take takardu suka ɓullo daga hannun wani dillalin nasaba mai suna Courtois, ɗaruruwa, yawancinsu rasit ɗin bashin da wai barade suka ci wurin 'yan kasuwar Italiya a Akka ko Dimyat. Binciken Robert-Henri Bautier a 1956 ya tabbatar da cewa jabu ne, amma kafin nan sun riga sun shige littattafan nasaba na ƙarni na 19, daga can kuma suka hau intanet. Alamarsu: rasit ɗin bashi na 1191 ko 1249 mai jera barade uku ko huɗu, wanda ba a san inda yake ba kafin 1840. Duk takardar da ba ka iya bin tarihin ajiyarta zuwa wata ma'ajiya kafin wannan shekara ba, ajiye ta gefe.

'Yan zuhudu ma sun ƙirƙiri takardu ko sun yi musu ƙari don kare gonakinsu. Gwajin shi ne shaidu: idan bishop da shugaban gidan zuhudun da aka jera ba su taɓa yin zamani ɗaya ba, takardar ta faɗi. Labarin Melusine, aljanar da wai ta gina Lusignan ta haifi zuri'ar, an rubuta shi ne a 1393, kusan shekara 85 bayan gidan Poitou ya ƙare, kuma wurinsa babin adabi. Manyan littattafan nasaba irin na Père Anselme, bugun 1726 zuwa 1733, da shafukan intanet da suke kwafar su, ka ɗauke su a matsayin masu nuna hanya zuwa takarda. Inda suka ba da lambar takarda, je ka karanta ta da kanka. Inda ba su bayar ba, layin bai shiga teburinka ba.

Sai yanzu za ka zana bishiya. Yi amfani da layi iri uku: cikakken layi inda takardar zamanin ta furta dangantakar, layi mai ɗigo-ɗigo inda gadon ƙasa da suna da shekaru suka nuna ta ba tare da furuci ba, sannan gurbi a buɗe inda babu komai. A gefen kowane cikakken layi rubuta lambar layin tebur da ya tsaya a kai. Kowane reshe kuma ka rufe shi da abin da ya faru da ƙasarsa, domin wanda ya gaji ƙasa shi ke nuna ko akwai sauran magaji namiji na halal. Hugo na XIII ya mutu a 1303 babu ɗa, ƙanensa Guy ya bi shi a 1308, La Marche da Angoulême suka koma hannun Sarki Philippe na IV. Reshen Valence ya tsaya a kan Aymer, ɗan William, a 1324, aka raba gadonsa ta wajen 'yan'uwansa mata. Leo, sarkin Armeniya na ƙarshe daga reshen Kubrus, ya rasa ƙasarsa ga Mamluk na Masar a 1375, ya mutu a Paris a 1393. A Kubrus kuwa James na III ya mutu yana jariri a 1474, mahaifiyarsa Caterina Cornaro ta miƙa tsibirin ga Venice a 1489. Masu kiran kansu yariman Lusignan sun ɓullo a Paris a ƙarni na 19 suna raba lambobin girma da sunan Melusine. Duk mai irin wannan da'awa, abin da za a nema a wurinsa shi ne takardun da suka cike tazarar da ke tsakanin ɗaya daga waɗannan shekaru da rajistar coci ta farko da sunan kakansa ya fito a ciki.